Mai Tabarau da Fuskar Inna

Lujain ce ta ja na ware wa shekarar da aka kori Baba daga aiki babi guda, jikata ta wajen 'yata Maryam. Kwanaki ta shigo ɗakina riƙe da wani littafin yara na Larabci mai ƙyalli, wanda ta saya wa ɗanta. A bangonsa an zana wata baƙar mata mai tabarau zaune a kujerar bas, ta ɗora jaka a cinya. Ta miƙo mini, tana yi mini bayani da Hausarta mai ɗingishi, tana kirana Sitti, wato kaka a Larabcinsu.

"Sitti, hadi wata mata ce a Amrika, an ce ta tashi, ita kuma ta ƙi. Kin san ta?"

Na ce mata na san matar nan tun uwarta Maryam tana fitsarin kwance. Ta yi dariya, ta ce ai ta ji labarin, wai littafin Turawa ne ya zuga Inna har ta jawo aka kori Baba daga aiki. A nan raina ya ɓaci, don ba yau na fara jin wannan magana ba. Wasunku haka suke faɗa. Wasu kuma, masu son ƙara gishiri, cewa suke Inna ta miƙe a tsakiyar gidan biki ta yi jawabi, mata suna kuka suna guɗa. Duka biyun ba haka aka yi ba. Ina wurin, tiren kofuna yana hannuna, kuma ni na karanta mata littafin da bakina. Saboda haka ku zauna ku ji yadda aka yi daga wadda ta gani.

Inna, sunanta Hauwa, da Baba, Malam Idrisu, daga Sudan suka taso, mutanen Mai Wurno ne. Sun binne 'ya'ya maza biyu a can kafin su hau jirgin ruwa su zo aikin hajji, suka zo kuma ba su koma ba. A Jidda aka haife ni, daga baya aka haifi ƙanwata, shi ke nan haihuwa ta tsaya. Baba ya sami aiki wajen wani attajirin yadi a kusa da Bab Makka, cikin tsohon garin Jidda, ya fara da dako, ya koyi tuƙi, ya zama direban gidan. Ina jaririya matar attajirin, Sitti Fa'iza, ta haifi ɗa namiji, aka sa masa Hishamu, zazzaɓi ya kwantar da ita, nono ya ƙafe. Yaron ya ƙi madarar gwangwani, ya ƙi ta akuya, kukansa ma ya daina fita. Sitti da kanta ta aika a kira matar direba, ta miƙa mata shi tana hawaye. Inna ta sa ni a dama, ta sa shi a hagu, ba ta sauke shi ba sai da aka yaye mu tare. Kun san hukuncin addini a kan wannan, nono yana haramta abin da jini yake haramtawa. Tun daga ranar Hishamu ya zama ɗan Inna, ya zama ƙanena, ba na wasa ba, na shari'a. Da Hausa ya fara magana. Da hannu yake cin tuwo a kwano ɗaya da ni, in ya faɗi ya fasa gwiwa zanin Inna yake nema. A tsohon gidansu na cikin gari babu wanda ya ɗauki wannan abin ɓoyewa, maƙwabta duka sun sani.

Sai arziki ya zo musu, irin wanda ya zo wa mutane da yawa a shekarun nan. Suka bar tsohon gida suka gina babba a unguwar Bagdadiyya, mai katanga da ƙofa biyu, babbar ta motoci da baƙi, ƙaramar ta gefe tamu. Babu wanda ya taɓa cewa kada mu bi ta babbar, mu da kanmu muka gane. Sunan Inna ma ya yi ta ƙanƙancewa a bakin mutanen gidan, daga Inna ya koma Dada Hauwa, wato mai raino, daga nan ya koma Hauwa mai gahwa, don ita ke dafa gahwar gidan tana zuba wa baƙi, kuma duk Jidda ban san wadda ta fi ta sanin ma'aunin hel ba, ɗan ƙamshin nan da ake sa wa gahwa. Aka tura Hishamu karatu Masar. In ya zo hutu yakan leƙo kicin ya sumbaci kan Inna, amma na lura yana fara waigawa ya ga wa ke kallo. Mu kuwa muna zaune a Hindawiyya cikin 'yan'uwanmu Takari, gida ɗaya da Goggo Dije, yayar Baba, wadda harshenta ya fi wuƙar mahauci kaifi. Ni na yi aure na haifi Maryam, mijina Usmanu yana aikin tashar jiragen ruwa, mun kama ɗaki a cikin gidan.

Littafin ta hannun Baba ya shigo. Maigidansu yana da wani gida da ya ba wasu Amurkawa haya, da za su koma ƙasarsu aka tura Baba ya kwashe tarkacen da suka bari. Ya dawo da kwali cike da littattafan yara, ya ce a ba Maryam ta kalli hotuna. Akwai mai jirgin ƙasa, akwai mai wata dabba sanye da riga da hula. Waɗannan ba su yi mako ba Goggo Dije ta yage su tana ƙunshe turaren wutar da take sayarwa. Ɗaya ne ya tsira, shi ma don Inna ta fizge shi daga hannunta. Ta daɗe tana kallon bangon. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin an zana baƙar mace a littafi tana zaune ba, kullum sai dai a tsaye ɗauke da kaya. Ta ce in karanta mata. Turancina na makarantar 'yan mata ne, wanda aka koya mana da Larabci, don haka sai da na ari ƙamus a wurin maƙwabta. Kullum bayan la'asar mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in yi ta tuntuɓe da kalmomi, shafi ɗaya ya ci mana yamma guda. Sunan matar ya ƙi zama a bakin Inna, sai ta sa mata Mai Tabarau, ni ma haka zan kira ta a nan.

Labarin kun san shi. A garinsu doka ta raba kujerun bas, farare a gaba, baƙaƙe a baya, in gaba ta cika kuma baƙi ya tashi ya ba fari wuri. Mai Tabarau ta taso daga aiki, aka ce ta tashi, ta ƙi, 'yan sanda suka tafi da ita. Baƙaƙen garin suka daina shiga bas, suka riƙa tafiya a ƙasa wata da watanni, har kotu ta soke dokar. Shafin ƙarshe ga ta nan zaune a gaba, mutane suna murmushi. Da na rufe littafin kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

"Duk wannan tashin hankali a kan kujera?" in ji Goggo Dije. "Ba ta da ƙafa ne? Ta tashi mana, a wuce wurin."

"Ni direban nake ji," in ji Baba. "Shi ma umarni aka ba shi. In ya ƙi, wa zai ciyar masa da yara?"

Inna ba ta kula su ba. Ta jawo littafin ta buɗe wurin da matar take zaune, ɗan sanda yana tsaye a kanta.

"Ramlatu, mece ce sana'arta?"

"Ɗinki, Inna. A wani babban kanti."

"Kantin nasu ne ko na fararen?"

"Ina jin na fararen ne."

"To washegari ta koma aiki?"

Na ce littafin bai faɗa ba. Ta ce in duba da kyau, ko na tsallake wani layi. Na bi shafi-shafi, babu. Ta girgiza kai.

"Wanda ya rubuta wannan bai taɓa cin abinci daga hannun wani ba. Korarta aka yi. Kuma ta san za a kore ta tun kafin ta ce a'a. Dubi yadda ta riƙe jakar nan da hannu biyu."

A lokacin na ɗauka hasashen Inna ne kawai. Sai da na tsufa, Lujain ta duba mini a wayarta, na ji ashe haka aka yi, matar da mijinta duka sun rasa aiki, har suka bar garin. Littafin Lujain mai ƙyalli ma na sa ta karanta mini shi tas, shi ma bai faɗa ba. Ba na ganin laifin masu rubuta wa yara, suna son yaro ya kwana da daɗi a ransa, kuma ko ba komai sun zaunar da baƙar mace a kan bango. Amma Inna ba ta yarda a rufe labarin a nan ba. Maryam ta matsa kullum sai an yi mata Mai Tabarau, ni kuma na gaji da ƙamus, sai Inna ta karɓa. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, hotuna take bi da yatsa. In ta kai shafin ƙarshe sai ta juya bangon baya, inda babu komai sai farar takarda, ta ci gaba kamar tana karantawa, wai sai Mai Tabarau ta koma gida ta ajiye jakarta, ta ce wa mijinta, Malam, gobe sai mu nemi wani abin yi. Maryam ta girma tana rantsuwa akwai wannan shafin.

A cikin wannan shekarar aka sa ranar auren Hishamu. Amaryar 'yar wani gida ce da ke ji da asali, irin waɗanda ke lissafa kakanninsu kafin su gaishe ka. Ana saura 'yan makonni Sitti Fa'iza ta kira Inna ɗakinta. Ina tare da ita, don a manyan ranaku ni ke riƙe mata tire. Sai na yi muku bayanin al'adar, tunda bikinku na yanzu a otal ake yi. Washegarin ɗaurin aure dangin ango da na amarya mata zalla sukan taru a gidan ango su yi wuni, kowa ta tuɓe abaya ta baje adonta. Bayan azahar ango yakan shigo ya gai da iyayensa mata. Kafin ya shigo wata takan ɗaga murya ta sanar, nan take duk macen da aure zai iya halatta tsakaninta da shi ta ja mayafi ta rufe fuska. Waɗanda ke zama fuska a buɗe su ne muharramansa, uwa, kaka, inna, goggo, 'yan'uwa mata. Shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sumbatar kawunansu. Ba a bukatar kowa ya yi bayani, a ranar duk wanda ke ɗakin yake ganin su wane ne nasa.

Sitti ba muguwar mace ba ce, ina so ku riƙe wannan. Ta ba mu yadi mai tsada na ɗinkin biki, ta tambayi lafiyar Maryam, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta zo kan magana.

"Ya Hauwa, ke 'yar gida ce, ba sai na ɓoye miki ba. Mutanen nan da wuyar sha'ani suke. Ranar wuni, in Hisham zai shigo, ki rufe fuska kamar sauran, ke da Ramla. Minti kaɗan ne, halas. Tsohon zance ba sai an tono shi a gaban baƙi ba."

"Wane tsohon zance, Sitti?"

"Kin gane, ya Hauwa. Alherinki yana wuyanmu har gaban Allah. Amma tsakaninmu."

Inna ta naɗe yadin ta sa a hammata. Ta ce ta ji. Ba ta ce to ba, Sitti kuma ba ta lura da bambancin ba. Ni na lura.

Da yamma a gida aka yi ta ta ƙare. Goggo Dije ta ce rufe fuska ai ba yanka ba ne, mace nawa ke rufewa kullum ba su mutu ba. Baba bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne, amma ya zayyana mata komai dalla-dalla. Iƙamarmu duka, wato takardar izinin zamanmu a ƙasar, a hannun maigidan take, shi ne kafilinmu mai tsaya mana a wurin hukuma. In ya janye hannu, ba aiki kaɗai za a rasa ba, ana iya sa mu a jirgi a mayar da mu Sudan, inda ba mu da ko bukka, da jikar da ba ta san ko'ina ba sai Hindawiyya.

"Sun ce ki daina zuwa gidan ne? Sun hana ki ganinsa? Mayafi ne fa kawai, Hauwa."

"Malam, in na rufe masa fuska, na shaida a gaban mata cewa shi baƙo ne a wurina. Ƙarya ce, kuma ba a kan kuɗi ko yadi ba, a kan hukuncin Allah. Ba ni na roƙa ba, su suka kira ni. Na raba nonon 'yata biyu, har ta rame, kana gani."

"Allah ya sani ai. Bai isa ba?"

"'Ya'ya maza biyu na binne a Mai Wurno. Wannan ne ya rage mini. Ranar da na mutu, in aka ce ina ɗanta ya shiga kabari ya karɓe ta, me za a ce? Surukina Allah ya yi masa albarka, amma suruki da kunya yake taɓa gawa. Ni hannun da na shayar nake so ya kwantar da ni."

Baba ya tashi ya ɗauki buta. Ba a sake tayar da maganar ba. Amma a makonnin da suka biyo na ga abin da har yau shi nake fara tunawa in an ambaci Inna. Ta cire awarwaronta na zinariya, wanda ta zo da shi daga Sudan, ta kai kasuwa. Ta sayo babban mangal na gasa nama, da tsinkaye, da faranti. Ta sa aka kawo mata gyaɗa buhu guda, ta soya, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, ta daka shi da citta da barkono da kanumfari, ta cika gwangwanaye. Mutanen Jidda suna son tsirenmu, siriya suke ce masa, Baba kuma a ƙuruciyarsa ya zauna wurin wani mai tsire a Sudan. Ta jingine mangal ɗin a lungun tsakar gida ta rufe da buhu. Baba yana wucewa ta gabansa sau biyar a rana in zai yi alwala. Ya gani, ya gane, ya ci gaba da alwalarsa. Masu cewa zuga ta aka yi, ku gaya mini, wanda aka zuga yana tsayawa dakan yaji?

Ranar wuni babban falon ya cika maƙil. Manyan mata suna kan dogayen kujerun nan masu katifa da ake kira karawita, zinariya tun daga wuya har ciki, turare kamar zai shaƙe mutum. Inna tana zagayawa da butar gahwa a hagu, ni ina bin ta da kofuna. Ta yi ɗinkin yadin da Sitti ta ba ta, ta sa kwalli, abin da ban saba ganin ta yi a wurin aiki ba. Bayan azahar wata ta leƙo daga ƙofa ta ɗaga murya cewa ango zai shigo. Ɗakin ya ɗauki ƙarar mayafai, fuskoki suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Muna tsakiyar falon a lokacin, ba wurin ɓuya. Hannuna ya tafi kan mayafina da kansa.

"Sauke hannunki," in ji Inna a hankali. "Ƙanenki ne."

Na sauke. Na kama tiren da hannu biyu. Wata ƙanwar Sitti ta yunƙuro daga kujera tana magana ta cikin haƙora.

"Ya Hauwa! Aib! Rufe, yalla, rufe!"

"La, ya Sitti," in ji Inna.

Iyakar jawabin da ta yi ke nan, a'a da Larabci, duk wanda ya ƙara muku wani abu a kai shi ya ƙirƙira. Ba ta matsa gaba ba, ba ta nemi kujera ba, ba ta ajiye butar ba. Ta tsaya inda sanarwar ta same ta, fuskarta a buɗe, baƙa, da zanen tsagar gidansu a kumatu, idonta a kan ƙofa.

Hishamu ya shigo cikin alkyabba mai bakin zinariya. Ya sumbaci kan uwarsa, ya sumbaci kakarsa, ya bi goggonninsa. Ina ganin lokacin da idonsa ya faɗa kanmu. Ya tsaya. Uwar amarya ta karkata tana tambayar ta kusa da ita wace ce wannan baiwar da ba ta da kunya, kuma ba ta rage murya ba. Sitti Fa'iza ta kafe ɗanta da ido. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a tsaye ba, ni dai na ji kamar an yi sallar la'asar an idar. Sai ya tako. Ya karɓi butar daga hannun Inna ya ɗora a kan tirena, ya kama kanta da hannu biyu ya sumbata, ya sumbaci hannunta.

"Inna," ya ce. Sai ya juya wajen dangin matarsa ya faɗa da Larabci, "Wannan uwata ce ta shayarwa. Wannan kuma 'yar'uwata."

Babu wadda ta yi guɗa. Hishamu ya fita, mayafai suka sauka, Inna ta ɗauki butarta ta ci gaba da zuba gahwa. Wasu suka karɓa, wasu suka kawar da kai. Ta gama aikinta, ta wanke kofuna, ta kife su yadda ta saba, muka fita ta ƙaramar ƙofa.

Ba a yi mako ba aka aiko cewa an sami wata mai gahwa. Baba kuma maigidan ya kira shi ya karɓi makullin mota, bayan shekarun da ya yi yana tuƙa shi tun gashinsu duka yana baƙi. Abu ɗaya Hishamu ya iya yi, ya roƙi wani abokinsa ya karɓi kafalarmu, shi ya sa ba a sa mu a jirgi ba. Ranar da Baba ya dawo ba makulli, ya zauna a bakin ƙofa ya daɗe. Inna ta kawo masa ruwa ta durƙusa.

"Malam, ka yafe mini."

"Kin san za a yi haka."

"Na sani."

Ya sha ruwan. Ya tashi ya je lungu ya yaye buhun, ya duba mangal ɗin sama da ƙasa, ya buɗe gwangwani ya ɗanɗana yajin.

"Citta ta yi yawa," ya ce.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Baba ya haura hamsin lokacin da ya fara tsayuwa a bakin wuta a Bab Makka, a zafin Jidda, mutumin da ya saba da farar riga da kujerar mota. Hayaƙi ya cinye masa ido, a ƙarshen rayuwarsa da lalube yake gane fuskokinmu. Akwai watannin da muka ci shinkafa gaya. Ƙanwata ta bar makaranta ta zauna dakan yaji, har ta rasu tana jin ciwon wannan, kuma tana da gaskiya. Goggo Dije ba ta bar Inna ta manta ba ko na rana ɗaya. Hishamu kuwa bai tako gidanmu ba muddin mahaifiyarsa tana raye. Wani lokaci yakan tsayar da mota a wurin Baba ya sayi tsire mai yawa, ya kasa haɗa ido da shi. Ni na riƙe shi a zuciya, na ce sumba ɗaya ya yi ya bar mu da wuta. Inna ta hana ni.

"Uwa biyu gare shi, Ramlatu. Na sa shi ya zaɓa sau ɗaya a gaban mutane. Ba zan sa shi ya sake ba."

Na taɓa tambayarta ko littafin ne ya sa ta yi abin da ta yi. Ta harare ni, ta ce tana da hankalinta tun kafin a haifi mai littafin. Can kuma ta ce abin da Mai Tabarau ta yi mata ɗaya ne. Da tana zaton mai cewa a'a sai mai ƙarfi, ko mai dangi, ko mai baki. Sai ta ga mace mai aikin hannu kamarta, a zaune, da jaka a cinya, ba ta zagi kowa ba. Ta ce daga nan ta san ba sai ta zama wata ba, a yadda take ma za ta iya.

Baba ya riga ta tafiya da shekaru. Ita kuma ta rasu da safe, a ɗakina, kanta a cinyata. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, don haka abin da zan faɗa daga bakin Usmanu na ji shi, shi kuwa ba mai ƙara gishiri ba ne. Ya ce da aka ajiye makara a bakin kabari, jama'a duk Takari ne, 'yan unguwa da abokan tsiren Baba. Mai haƙa ya ɗago kai ya tambaya, ina 'ya'yanta maza, ɗaya ya shigo ya karɓe ta. Usmanu ya buɗe baki zai ce ba ta da ɗa namiji, shi surukinta zai shiga. Sai ya ji an dafa kafaɗarsa daga baya. Wani Balarabe ne fari, da furfura a gemu, wanda babu wanda ya ga zuwansa. Ya riga ya tuɓe takalmi, ya miƙa wa na kusa da shi rawaninsa. Mai haƙa ya dube shi, ya dubi jama'a, ya ce masa da Larabci, ya ammi, ɗanta muke nema. Hishamu bai amsa da Larabci ba. Da Hausar da ya bari tun yana yaro ya amsa, ta yi tsatsa, amma kowa ya ji.

"Ni ne. Ni ne ɗan Inna."

Ya sauka cikin ramin da farar rigarsa, ya miƙo hannu biyu, aka ba shi ita.

Littafin yana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwan Inna. Bangon ya rabu, na ɗinke shi da zare. Wanda ya gaje shi a cikinku, in zai karanta wa yaransa, kada ya tsaya a shafin murmushi. Ya juya bangon baya. Zai ga farar takarda, da tabon man gyaɗa daidai girman yatsan Inna, a inda take ajiye shi in ta zo wurin da littafin ya yi shiru.